Allon da ya yi ƙarya a Samaru, da abin da kakana ya sani game da jirgin ƙasa

1/ Jama'a, yau zan ba ku labarin yadda na kunyata kaina a bakin titin Samaru da wani allo da na haɗa da hannuna, da yadda wani tsoho da ko WhatsApp bai iya buɗewa ba ya gano mini matsalar kafin shayinsa ya huce. Zaren na da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Injiniyan lantarki nake karantawa a ABU, ina zaune gidan kakana a Bomo. Duk wanda ya taɓa tsayuwar jiran motar Sabon Gari da tsakar rana ya san abin da nake nufi. Sai na ce furojet ɗina na ajin ƙarshe shi ne allon da zai riƙa nuna minti nawa ya rage mota ta iso.

3/ Wurin Yayana na samo tunanin. Yana karatu a Landan, kuma ya cika turo mini hoton allon tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa: na farko minti 1, na biyu minti 3, na uku minti 5. Na ce yo wannan ai ba wani abu ba ne, fitilu ne da lambobi. Mu ma me zai hana?

4/ Na sayi allon LED da Arduino da kuɗin da na tara. Na zauna gaban shagon abokina mai cajin waya, can ƙasa da inda motoci ke lodi, kwana huɗu ina ƙirga su da biro. Na ga kusan duk minti 10 mota mai gurbi kan wuce. Sai na sa allon ya ƙirga daga 10 zuwa 0, ya sake komawa 10.

5/ A raina na sa wa wannan suna "ƙiyasi". Ranar gwaji muka rataye shi a jikin rumfar shagon. Wallahi ya yi kyau, jan rubutu ɓaro-ɓaro: SABON GARI, MINTI 7. Yara suka taru, 'yan acaɓa na ɗaukar hoto, ni kuma ina ta hura hanci.

6/ Can sai ga wata baiwar Allah da goyo, yaron jikinsa zafi, za ta kai shi asibiti a Sabon Gari. Wani mai keke ya tsaya, ya faɗi kuɗin shata. Ta ɗaga kai ta ga allona ya ce minti 3. Ta tambaye ni, "Malam, gaskiya ne?" Na ce ƙwarai kuwa. Ta sallami mai keken.

7/ 3, 2, 1, 0. Babu mota. Allon bai ko ji kunya ba ya koma 10. Ya sake sauka har 0. Motoci biyu suka wuce a cike maƙil. Yaron na kuka, rana na dukanta, ni kuma ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

8/ Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Malam, da ka bar ni da rashin sanina, da tuni na yi nisa." Na tare mata wani keken na biya, ta tafi. Na sauke allon na cusa a buhu. Ban san sunanta ba, ban san yadda yaron ya ƙare ba. Allah Ya sa ya samu lafiya.

9/ Da daddare na dawo Bomo jiki a sanyaye. Kakana, Baba Tsoho muke ce masa, yana kan tabarma da rediyonsa. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekaru a ɗakin sigina da ƙananan tashoshi kafin ya yi ritaya. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, yau kuma wa ya taɓa mini kai?"

10/ Ga waɗanda ba su sani ba, Zariya garin reluwe ne. Layin da ya isa Kano a 1911 ta nan ya ratsa, kuma ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka biyo shi su suka raya Sabon Gari. Layin da ke bayan kasuwar Samaru, wanda Hayin Dogo ta samo suna daga gare shi, shi ne ya kai Ƙauran Namoda a 1929.

11/ Duk wannan na sani, amma ban taɓa zama na tambayi Baba Tsoho mene ne ainihin aikinsa ba. A ganina aikin jan ƙarfe ne da ɗaga tuta, abin da ya wuce. Gaskiya na raina shi, kuma wannan ita ce kunyata ta biyu a wannan labari.

12/ Ina cikin ba shi labarin matar sai ga kiran bidiyo daga Yaya. Yana wata tasha can gefen Landan. Na ce ya nuna mana allon. Abin mamaki, babu minti ko ɗaya a kai. Rubutu ne kawai da ke cewa a duba gaban jirgi in ya iso don a ga inda za shi.

13/ Na ce Yaya, ya haka? Gari ɗaya, jirgi iri ɗaya, can ana nuna jirage uku da mintocinsu, nan kuma babu? Ya ce shi ma abin na ɗaure masa kai, wataƙila allon ne tsoho. Baba Tsoho ya karɓi wayar ya kanga ta nesa da fuska, ya ce, "Ku bar ɗora wa allo laifi. Allo ai makaho ne, layi ne mai ido. Abin da layi ya faɗa masa shi yake maimaitawa."

14/ Ya juyo kaina. "Naka allon wa ke faɗa masa inda mota take?" Na ce babu kowa, lissafi na yi. Ya ce, "To ba allo ka haɗa ba, boka ka haɗa." Yaya ya yi ta dariya har kiran ya yanke. Ni kam ban yi dariya ba.

15/ Daren nan ya koya mini yadda suke aiki a zamaninsu. Layi ɗaya ne, jirgin Kano da na Kaduna duk a kansa suke bi. Tsakanin tasha da tasha akwai wata sandar ƙarfe, kuma direba ba ya shiga wannan yanki sai tana hannunsa. Na'urorin tashoshin biyu a haɗe suke da waya, sanda ɗaya tak ke fita a lokaci guda.

16/ Ya ce in sanda ta fita, ya san akwai jirgi tsakaninsa da tashar gaba. Shi ke nan iliminsa. Ko jirgin na gudu, ko ya tsaya shanu na tsallaka layi, ko inji ya mutu a daji, bai sani ba sai ya ji ƙaho ko ya hango fitila. Fasinja in ya tambaye shi yaushe jirgi zai iso, amsarsa ɗaya: "Ya baro tashar baya."

17/ Na ce to me ya sa ba ka ce musu minti 20 ko 30 su samu natsuwa? Ya ce, "In na faɗa, wani zai tafi sallah ko sayen abinci bisa maganata. In jirgi ya zo ya bar shi, wa ya cuce shi?" Nan take fuskar matar nan ta dawo mini.

18/ Washegari na shiga karatu gadan-gadan kan sigina, sai na tarar abin da ke ƙarƙashin ƙasa a Landan da New York ɗan'uwan sandar Baba Tsoho ne, an dai sa masa lantarki. Bari in fayyace muku a sauƙaƙe, ba sai kun yi injiniya ba.

19/ Ana yayyanka layin dogo gaɓa-gaɓa kamar rake. A kowace gaɓa ana tura ɗan ƙaramin lantarki ta cikin ƙarafan layin biyu zuwa wani makunni. Da jirgi ya taka, ƙafafunsa da ƙarfen da ya haɗa su sai su gajarce wa wutar hanya, makunnin ya saki, fitilar baya ta koma ja. Wani Ba'amurke, William Robinson, shi ya fito da dabarar a 1872.

20/ Dabara ce mai kyau matuƙa, har gobe ana amfani da ita. Amma tambaya ɗaya kawai take amsawa: akwai wani abu a wannan gaɓa ko babu? Don hana karo aka ƙirƙire ta. Lokacin ba wanda ke tunanin fasinjan da ke tsaye yana duba agogo.

21/ Misali mafi kusa: ka je ƙofar bayi ka yi gyaran murya, na ciki ma ya yi. Ka san akwai mutum. Waye? Oho. Yanzu ya shiga ko ya kusa fitowa? Oho. Iyakar abin da tsohon sigina ya sani game da jirgi ke nan. 😅

22/ Wato abu uku ba ya gani. Bai san wane jirgi ba ne, balle inda za shi. Bai san a ina yake cikin gaɓar ba, farko ko ƙarshe. Bai san gudunsa ba. Allon da zai ce maka "jirgin wuri kaza, minti 4" kuwa sai da ukun nan duka, ko aƙalla na farko da kyakkyawan ƙiyasin sauran.

23/ Don a cike giɓin farko sai aka ƙara wata na'ura. Mai sigina ya ba jirgi lamba tun daga inda ya taso, lambar ta riƙa tsallakawa daga gaɓa zuwa gaɓa tana bin sa. In aka yi kuskuren sa lambar, ko aka sauya wa jirgi hanya ba a gyara ba, allo zai yi ta sanar da jirgin da ba shi ne ke zuwa ba.

24/ Sai matsalar mahaɗa. Ka ɗauka layuka uku sun haɗu kamar yadda motoci ke haɗuwa a Kwangila, jirage biyu sun iso kusan tare. Wa zai fara wucewa? In mutum ne ke yanke hukunci da hannu, to amsar tana cikin kansa, ba ta cikin waya. Allon tashar gaba dole ya yi shiru har sai an ba ɗaya hanya.

25/ Kada ku ce wannan labarin da ne. A Edgware Road da ke Landan, inda layuka ke haɗuwa, ɗakin siginar da aka gina a 1926 yana aiki da 'yan libobin hannu har 2019. Mutane na sama da iPhone a hannu, ƙasa kuma wani na jan liba kamar Baba Tsoho.

26/ Na san wani zai ce, ba sai a sa GPS ba? Ni ma shi na fara cewa. GPS daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, kuma siginarsa ba ta ratsa ƙasa da kankare. Ko cikin wasu ajujuwanmu ma ɗigon taswirar wayarka rawa yake yi, ina ga rami mai zurfi ƙarƙashin birni.

27/ New York ce ta fi ba ni mamaki. Tashoshi 472 gare su. Layukan da ake kira da lamba, 1 zuwa 6, sun samu allon minti shekaru kafin sauran, don an haɗa siginarsu da kwamfuta ta tsakiya da ke bin kowane jirgi da sunansa. Yawancin layukan haruffa kuwa shiru, wasu na'urorinsu tun shekarun 1930 suke.

28/ Da suka ga sauya siginar zai ci shekaru, sai suka zagaye ta. Daga 2016 suka fara liƙa 'yan na'urorin Bluetooth a taragon farko da na ƙarshe, da masu karɓa a tashoshi. Jirgi ya shigo, tasha ta ji sunansa, ya fita, ta ji. Zuwa ƙarshen 2017 duk tashoshin sun samu allo.

29/ Amma lura: tsakanin tasha da tasha wannan dabarar ba ta ganin jirgin, lissafi take yi. In ya maƙale a tsakiyar rami, mintin da ke allo zai iya daskarewa ko ya sauya. "Ya baro tashar baya" ɗin Baba Tsoho ne dai, an mayar da shi lamba.

30/ Maganin na asali shi ne tsarin da ake kira CBTC. A nan jirgin ne da kansa ke ƙirga juyin ƙafafunsa, yana karanta alamomin da aka dasa a kan layi, yana faɗa wa kwamfuta ta rediyo ba ƙaƙƙautawa: ni ne wane, ga inda nake, ga gudun da nake yi. Layin L ne ya fara samunsa a New York.

31/ Ba don allo ake kashe wannan kuɗin ba. Ana yi ne don jirage su iya bin juna kurkusa ba tare da haɗari ba. Layin Victoria a Landan, bayan an sabunta siginarsa, yana tura jirage 36 a awa ɗaya lokacin cunkoso, kusan duk daƙiƙa 100. Allo mai faɗin gaskiya gyara ce da ake samu a kan cinikin.

32/ To me ya hana a sauya ko'ina? Kuɗi, da kuma lokaci. Ba a rufe layin da miliyoyin mutane ke bi, sai dai a yi aikin da tsakar dare ko ƙarshen mako, a gwada, a sake gwadawa, don kuskure ɗaya rayuka ne. Landan ta kwashe shekaru tana wannan aiki a layuka huɗu: Circle, District, Hammersmith & City da Metropolitan, yanki bayan yanki.

33/ Shi ya sa Yaya zai ga allo mai jirage uku da safe, da yamma ya ga wanda bai san komai ba. Allunan na iya zama iri ɗaya sak. Abin da ke ƙarƙashinsu ne ya bambanta.

34/ Akwai abu ɗaya da ya fi tsaya mini a rai. Na tambayi Baba Tsoho, in wayar da ke jan hannun sigina ta tsinke fa? Ya ce an yi shi da nauyi, da kansa yake komawa "tsaya". Na duba na lantarkin, haka yake: batir ya mutu, waya ta yanke, ƙarfen layi ya karye, fitila ja take komawa.

35/ Wato duk tsarin reluwe an gina shi a kan ƙa'ida ɗaya: in ba ka sani ba, kada ka ce a wuce. Nawa allon kuwa akasin haka na gina shi. Bai san komai ba, amma bakinsa bai taɓa yin shiru ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa minti 10 ne tsawonsa.

36/ Na koma wurin malamin da ke duba furojet ɗina na faɗa masa komai, har da matar. Na zaci zai yi faɗa. Ya ce, "Yanzu ka samu furojet. Da can kwalliya ka kawo mini." Ya ce in ajiye allon gefe, in fara da tambayar yadda zan san inda mota take.

37/ Mu a sama muke, GPS na aiki, wannan sa'armu ce. Na roƙi direbobi uku, da ƙyar da taimakon abokina mai shago, suka yarda na ajiye tsofaffin wayoyi a motocinsu. Nan na haɗu da nawa ramukan: caji ya ƙare, data ta ƙare, netwok ya ɗauke, yaron mota ya zare waya ya sa tasa a caji.

38/ Sannan ga tawa mahaɗar. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma ba tauraron da ya san yaushe fasinja na ƙarshe zai zo. Hukuncin na cikin kan direba, kamar mai libar Edgware Road. Ko ta taso ma, in a cike take, isowarta ba ta amfani wanda ke jira da komai.

39/ Yanzu allon abu uku kawai yake iya faɗa. In mota na tsaye a inda ake lodi: TANA LODI. In ta taso kuma wayar na magana: mintin da ya rage. In wayar ta yi shiru fiye da minti 1: BAN SANI BA. Maganar gurbi kuwa har yau ban warware ta ba, kuma haka zan rubuta a rahotona.

40/ Abokaina sun ce "ban sani ba" zai sa a raina aikin ranar kare furojet. Wataƙila. A gwajin makon jiya allon ya fi awa ɗaya a kan wannan rubutu. Amma na ga wani dattijo ya karanta, ya yi tsaki, ya tare keke ya wuce abinsa. Ban taɓa jin daɗin tsaki irin na ranar ba.

41/ Mu a Najeriya ba mu da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Muna da na Abuja zuwa Kaduna tun 2016, Legas ta fara jigila a Blue Line a 2023, ana kuma gina sabon layin Kaduna zuwa Kano da zai ratsa Zariya. Ranar da aka buɗe, duk hoton tasha da kujeru da alluna za mu yi ta ɗorawa, na sani.

42/ Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman na injiniya da masu zuwa NITT da ke nan Zariya tun 1986, mu riƙa tambayar abin da ba ya fitowa a hoto. Wane irin sigina aka sa? Wa zai gyara shi in ya lalace? An koya wa namu, ko sai an jira wani ya zo daga waje?

43/ Kuma in akwai tsohon ma'aikacin reluwe a gidanku ko unguwarku, a Sabon Gari suna nan da yawa, don Allah ku je ku zauna da shi. Ni na fara ɗaukar muryar Baba Tsoho a waya duk dare. Wasu sunayen tashoshin sun fara kuɓuce masa, sai ya yi shiru ya ce bari ya tuna.

44/ Wata mai zuwa zan kare furojet ɗin. Baba Tsoho ya ce sai ya je, har ya sa an wanke masa babbar riga, wai yana so ya ga ko malaman jami'a sun san sigina. Ku sa ni a addu'a. Wanda kuma yake da dabarar gane ko mota ta cika ba tare da an dami direba ba, ya ajiye mini a ƙasa, ina karantawa. 🙏🏾